Auguste Escoffier: Ɗan Maƙerin Da Ya Ɗaukaka Sana'ar Kuku

A darussan tarihi an koya mana labarin sarakuna da mayaƙa da masu ƙirƙire-ƙirƙire, amma da wuya a ce an taɓa ambata mana sunan wani kuku. To, wannan karo za mu leƙa ƙasar Faransa mu ɗauko labarin wani mutum da ya shafe shekara 61 a gaban murhu, wanda ya tarar da girki sana'ar raini, ya bar shi sana'ar da ake bai wa mai yin ta lambar girma ta ƙasa. Sunansa Georges Auguste Escoffier, ana furta shi Eskofiye. Duk wanda ya taɓa zama a babban otal aka kawo masa abinci da zafinsa cikin 'yan mintoci, ya ci gajiyar aikin wannan mutum ko da bai taɓa jin sunansa ba. Sai dai labarin nasa akwai zuma akwai maɗaci, kuma za mu kawo duka biyun.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Escoffier ranar 28 ga Oktoba, 1846, a wani ƙauye mai suna Villeneuve-Loubet, kusa da birnin Nice, a kudu maso gabashin Faransa, daf da gaɓar tekun Bahar Rum. Mahaifinsa maƙeri ne. Tun yana ƙarami yaron ya nuna yana da hannu wajen zane, kuma abin da ke ransa shi ne ya zama mai sassaƙa. Amma a gidan talaka na wancan zamani ba a tsayawa tambayar yaro abin da yake so. A 1859, yana ɗan shekara 13, aka cire shi daga makaranta aka damƙa shi a hannun baffansa, wanda ke da gidan abinci a Nice mai suna Restaurant Français.

Baffan bai yi masa wani sassauci don dangantaka ba. Wanke tukwane, feraye, hura wuta, zuwa kasuwa cefane, kai abinci tebur, babu wanda bai yi ba. Ga shi kuma gajere ne, har sai da ya riƙa sa takalma masu tudu domin ya kai tsayin murhu, kansa ya ɗan yi nesa da hucin wuta.

Ya kamata mu san irin kicin ɗin da ya tarar, domin a nan za mu gane girman abin da ya gyara daga baya. Yawancin kicin na manyan gidajen abinci a ƙarƙashin ƙasa suke. Da kwal da gawayi ake girki, kuma a rufe tagogi don kada abinci ya huce, saboda haka hayaƙi da zafi su ne abokan zaman masu aiki tun safe har tsakar dare. Ƙishirwa kan tura su shan giya, giya kuma ta haifar da zagi da faɗa, yara masu koyon aiki su sha mari da ƙafa. Kuku kaɗan ne ke tsufa da lafiyarsa. Ko Marie-Antoine Carême, wanda ya fi kowane kuku suna a Faransa kafin Escoffier, ya rasu a 1833 bai kai shekara 50 ba. A idon jama'a kuwa, kuku bara ne kawai, ba wanda zai so ya ba shi auren 'yarsa. Yaron ya ga duk wannan da idonsa, ya ji shi a jikinsa, ya kuma riƙe a zuci.

Faris da fagen yaƙi

A 1865 ya sami aiki a Faris, a wani gidan abinci na manya mai suna Petit Moulin Rouge, a matsayin yaron mai gashi. Yana cikin hawa mataki-mataki sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa a 1870. Aka ɗauke shi ya zama kukun manyan hafsoshi a birnin Metz. Da ya lura abubuwa na neman lalacewa, sai ya yi dabara ya tanadi kaji da zomaye da wasu 'yan dabbobi a wani lungu, tare da abincin gwangwani. Jamusawa suka yi wa birnin ƙawanya fiye da wata 2. Da tanadin ya ƙare aka koma yanka dawakin soja, shi kuma ya koyi yadda zai sarrafa naman doki har ya ciwu. Ranar 27 ga Oktoba, 1870, ana gobe zai cika shekara 24, Metz ta miƙa wuya. Aka tafi da shi Jamus cikin fursunonin yaƙi, inda daga baya ya zama mai yi wa hafsoshin Faransa da ke tsare girki a garin Wiesbaden.

Abubuwa biyu ya dawo da su daga wannan wahala. Na farko, ya san yunwa, kuma har ya mutu bai yarda a zubar da abinci a gabansa ba. Na biyu, ya ga yadda soja ke aiki: kowa da muƙaminsa, kowa da aikinsa, kowa ya san wanda zai karɓi umurni daga gare shi. Ya kuma fara sha'awar hanyoyin adana abinci a gwangwani, musamman tumatir, abin da ya ci gaba da bi shekaru da yawa.

A 1873 ya koma Petit Moulin Rouge, wannan karo a matsayin babban kuku. Ya kuma buɗe nasa gidan abincin a garin Cannes mai suna Faisan d'Or. A 1878 ya auri Delphine Daffis, suka sami 'ya'ya 3: Paul da Daniel da Germaine.

Haɗuwarsa da César Ritz

A 1884 ne rayuwarsa ta ɗauki sabon salo, lokacin da ya karɓi kicin ɗin Grand Hôtel da ke Monte Carlo. Manajan otal ɗin, César Ritz, mutumin Suwizalan ne, ɗan manomi, wanda shi ma daga ƙasa ya faro, daga mai kai abinci tebur. Ritz ya san halin masu kuɗi kamar yunwar cikinsa, Escoffier kuma ya san tukunya. Da sanyi su yi aiki a Monte Carlo, da bazara su koma otal ɗin National da ke Lucerne, suna bin attajirai da 'ya'yan sarauta duk inda yanayi ya kai su.

A 1890 suka ƙaura Landan bisa gayyatar Richard D'Oyly Carte, mai otal ɗin Savoy, wanda aka buɗe a 1889 da wutar lantarki ko'ina, abin da ke sabo a lokacin. Manyan Ingila a gidajensu ko a kulob suke cin abinci, matan manyan gida kuwa abin kunya ne a gan su suna cin abinci a bainar jama'a. Cikin 'yan shekaru Ritz da Escoffier suka sauya wannan al'ada, har cin abincin dare a Savoy ya zama abin tinƙaho. Yarima mai jiran gadon Ingila, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na 7, yana cikin manyan baƙinsu.

Escoffier ya lura Ingilishi da yawa ba sa iya karanta takardar jerin abinci da Faransanci, suna jin nauyin tambaya. Sai ya fito da tsarin ƙayyadadden farashi: baƙo ya faɗi yawan mutanensa, shi kuma ya tsara musu abinci daga farko har ƙarshe. Yakan ajiye kwafin abin da ya ba kowane babban baƙo, don kada ya maimaita masa in ya dawo. Yakan kuma sa wa sababbin girke-girke sunayen mashahuran mutane. Wanda ya fi suna shi ne Pêche Melba, kayan zaki na 'ya'yan itace da askirim, wanda ya ƙirƙira don girmama mawaƙiyar nan 'yar Ostireliya, Nellie Melba. Akwai ma ranar da ya dafa cinyoyin kwaɗi, abin da Ingilishi ke ƙyama suna yi wa Faransawa gori a kai, ya laƙaba musu wani suna mai daɗin ji, manyan baƙi suka cinye suna santi ba su san abin da suka ci ba.

Gyaran da ya yi wa kicin

Babban aikin Escoffier a bayan fage yake, inda baƙi ba sa gani. A tsohon tsari, kuku guda ne zai ɗauki abinci tun daga farko har ƙarshe, ko kuma ɓangarori su yi ta maimaita aiki iri ɗaya kowa a kusurwarsa. Shi kuwa sai ya tsara kicin kamar rundunar soja. A sama akwai babban kuku da mataimakinsa. A ƙarƙashinsu akwai sassa: na miya da romo, na gashi, na kifi, na ganyaye da ƙwai, na ajiya da abinci mai sanyi, da na kek da kayan zaki. Kowane sashe da shugabansa da yaransa. In baƙo ya nemi ƙwai da gasasshiyar ƙoda da miya, sai mai ƙwai ya dafa nasa, mai gashi ya gasa ƙoda, mai miya ya kawo miya, a haɗa a faranti guda. Abin da kan ci wa mutum ɗaya minti 15 sai ya fito cikin 'yan mintoci, da zafinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da wannan tsari ne ya riƙa ciyar da ɗaruruwan baƙi a zama guda, kuma da shi manyan otal-otal na duniya ke aiki har yau, ko da an rage yawan sassan.

Bai tsaya nan ba. Ya hana shan giya a bakin aiki, kuma da yake ya san zafi ne ke kawo ƙishirwar, sai ya sa a riƙa dafa ruwan sha'ir a ajiye a babbar tukunya, kowa ya sha iya son ransa. Ya hana zagi da ihu da dukan yara. Mai shelar abin da baƙi suka nema, wanda a da sunansa a Faransanci ke nufin mai haushi, ya sauya masa suna zuwa mai sanarwa. Shi kansa in ransa ya ɓaci, sai ya ja kunnensa ya fita waje, sai ya huce ya dawo ya yi magana. Ya dage kan tsabta, ya kuma umurci yaransa kada su fita titi da kayan aiki. In an tashi kowa ya sa tufafin mutunci, domin a ganinsa wanda bai girmama kansa ba, ba wanda zai girmama sana'arsa. Ya riƙa kwaɗaitar da su neman ilimi, don shi ya san abin da ya rasa da aka cire shi daga makaranta.

Abincin kansa ma ya sauƙaƙa shi. A zamanin Carême akan cika tebur da jita-jita barkatai lokaci guda, da gine-ginen sukari masu kama da fada, abinci ya huce kafin a kai gare shi. Escoffier ya ƙarfafa tsarin kawo abinci ɗaya bayan ɗaya, ya rage ado marar amfani, ya ce ɗanɗanon abu shi ne gaba da komai. Ya mai da romo mai kyau ginshiƙin girki. Makarantun koyon girki har yanzu suna koyar da uwayen miya guda 5 da ake dangantawa da shi: ta madara, ta farin romo, ta romon gasasshen ƙashi, ta tumatir, da ta ƙwai da man shanu. Daga waɗannan ne ake fitar da ɗaruruwan wasu.

Tabon da ke cikin tarihinsa

Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. A 1897 shugabannin Savoy suka lura baƙi na ƙaruwa amma riba na raguwa. Suka sa aka yi bincike a asirce. A watan Maris na 1898 aka sallami Ritz da mataimakinsa Louis Echenard da Escoffier rana ɗaya. Jaridun lokacin sun ruwaito cewa wasu daga cikin kuku-kukunsa sun ƙi fita, sai da aka kira 'yan sanda. Jama'a ba su san dalili ba, kuma manyan baƙi da yawa suka goyi bayan waɗanda aka kora.

A watan Janairu na 1900 mutanen 3 suka sa hannu a takardun amsa laifi. Na Escoffier shi ne mafi nauyi: ya yarda cewa yana karɓar la'ada daga 'yan kwangilar da ke kawo wa otal ɗin kayan abinci, har kashi 5 cikin 100 na kuɗin ciniki, su kuma 'yan kwangilar su fanshe ta hanyar tauye kayan da suke kawowa. Ya amince ana bin sa fam 8,000, amma aka karɓi fam 500 aka rufe magana, saboda abin da ke hannunsa ke nan. Otal ɗin ya ɓoye takardun don gudun tonon silili da zai shafi manyan mutane, kuma Escoffier bai bayyana wannan al'amari a tarihin rayuwarsa da ya rubuta ba. Sai a shekarun 1980, kusan shekara 50 bayan rasuwarsa, maganar ta fito fili.

Masu kare shi kan ce karɓar la'ada abu ne da ya zama ruwan dare tsakanin kuku-kukun wancan zamani. Haka ne, amma wannan uzuri ya fi rauni a kansa fiye da kowa, domin shi ne mutumin da ya ƙi yarda da shan giya da zagi da duka don kawai an saba da su. Wanda ya iya tsayawa ya kawar da waɗancan, ya san wannan ma ba daidai ba ne. Amana aka ba shi, ya ci, kuma sa hannunsa shi ne shaida.

Carlton da littattafansa

Korar ba ta durƙusar da su ba. A watan Yuni na 1898 aka buɗe otal ɗin Ritz a Faris, Escoffier ne ya tsara kicin ɗinsa. A 1899 aka buɗe Carlton a Landan, manyan baƙin Savoy da yawa suka biyo su can. Ritz ya kamu da ciwon da ya raba shi da aiki tun daga 1902, ya rasu a 1918. Escoffier kuwa ya riƙe kicin ɗin Carlton, da ma'aikata wajen 60, har zuwa 1920.

A 1903 ya fitar da littafin da ya dawwamar da sunansa, Le Guide culinaire, tare da taimakon abokan sana'arsa Philéas Gilbert da Émile Fétu. Littafin na ɗauke da girke-girke wajen 5,000. Kafin nan yawancin ilimin girki a ka yake, maigida ya koya wa yaronsa abin da ya ga dama ya ɓoye sauran. Da aka rubuta shi aka tsara, sai ya zama ilimin da kowa zai iya karantawa, a koyar da shi a aji, a yi jarrabawa a kai. An fassara littafin zuwa harsuna da dama kuma har yanzu ana buga shi. Ya biyo da Le Livre des menus a 1912, sa'an nan Ma cuisine a 1934, wanda ya rubuta domin masu girki a gida.

Kamfanin jiragen ruwa na Hamburg-Amerika ma ya ɗauke shi ya tsara masa kicin a manyan jiragensa. A cikin ɗaya daga cikinsu, Imperator, ya yi wa Sarkin Jamus Wilhelm na 2 girki a 1913, shi da ya taɓa zama fursuna a ƙasar. Shekara guda bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka kashe ɗansa Daniel a fagen fama a 1914.

Tausayinsa ga talakawa

Duk da cewa sarakuna da attajirai yake ciyarwa, Escoffier bai manta da inda ya fito ba. Tun yana Savoy, har ya koma Carlton, wasu mata masu hidimar addinin Kirista da ke kula da tsofaffi marasa galihu kan zo ƙofar baya da safe, ya tara musu ragowar burodi da nama da ganyen shayi masu kyau su tafi da su. A 1910 ya wallafa wata 'yar ƙasida da ke ba da shawarar kafa asusun taimakon juna domin kawar da fatara, musamman ta tsofaffin ma'aikata. Lokacin yaƙi ya shirya tallafi ga iyalan kuku-kukun da aka tura fagen daga. Da ya tsufa kuma ya rubuta ƙananan littattafai kan abinci mai araha, ɗaya kan shinkafa a 1927, ɗaya kan kifi a 1929. Yaran da suka koyi aiki a hannunsa sun bazu a manyan otal-otal na Turai da Amurka, kuma yakan bi sawunsu da wasiƙu yana nema musu aiki.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1919 gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girma ta Légion d'honneur, a 1928 kuma aka ɗaga shi zuwa mataki na gaba. Yaron da ake mari a kicin ɗin ƙarƙashin ƙasa ya tsaya a sahun janar-janar da malaman jami'a. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. A wannan shekara ta 1928 ya taimaka aka kafa ƙungiyar ƙungiyoyin kuku-kuku ta duniya.

Ya yi ritaya a 1920 yana da shekara 73, ya koma Monte Carlo wurin matarsa, wadda ta zauna can tsawon shekara 30 da ya yi a Landan. Wannan ma wani farashi ne da iyalinsa suka biya. Bai tara wata dukiya ta a zo a gani ba. Ya rasu ranar 12 ga Fabrairu, 1935, yana da shekara 88, kwanaki kaɗan bayan rasuwar Delphine, aka binne shi a ƙauyensu. Gidan da aka haife shi ya zama gidan tarihin fasahar girki a 1966. Otal ɗin Carlton kuwa bama-bamai sun lalata shi a 1940, daga baya aka rushe shi.

'Yan'uwa, a cikinmu akwai waɗanda suka riƙe ofis, da waɗanda suka riƙe sito, da waɗanda suka riƙe aji, da waɗanda suka kama sana'ar hannu. Kowannenmu zai ga wani abu nasa a rayuwar wannan ɗan maƙeri. Bai zaɓi sana'arsa ba, amma da ya sami kansa a cikinta ya riƙe ta da hannu biyu, kuma wahalar da ya sha yana yaro bai rama ta a kan yaran wasu ba. Haka nan kashi 5 cikin 100 da ya karɓa a ɓoye, bayan shekara 80 da wani abu sai da ya fito, kuma yanzu duk mai rubuta tarihinsa da gaskiya dole ya ambace shi.